Yadda Ake Gwada Tasirin Sinadaran Maiƙo a Kan Rayuwa da Mutuwar Ƙwayar Nutrofil

Ɓargon baligi yana fitar da ƙwayoyin nutrofil kimanin biliyan 100 a kowace rana, kuma kusan wannan adadin ne yake mutuwa a cikin yinin. Nutrofil ita ce mafi yawa a cikin fararen ƙwayoyin jini, ita ce take fara isa wurin da cuta ta shiga, kuma cike take da sinadarai masu narkar da nama, don haka jiki ba ya barinta ta fashe yadda ta ga dama. Tana mutuwa ne bisa tsarin da John Kerr da Andrew Wyllie da Alastair Currie suka bayyana a shekarar 1972 da sunan afoftosis: ƙwayar ta tsuke, cibiyarta ta dunƙule, tantaninta ya ci gaba da riƙe abin da ke ciki, har wata babbar ƙwaya mai suna makrofej ta zo ta haɗiye ta. Wani kaso mai yawa na saƙonnin da ke tafiyar da wannan lamari sinadaran maiƙo ne da ke cikin tantanin ƙwayar. Wannan jagora na ɗalibi ne ko mai bincike da ke son ya gwada da hannunsa ko wani sinadarin maiƙo yana gaggauta mutuwar nutrofil ko yana jinkirta ta, kuma ya samu sakamakon da zai iya tsayawa a kansa.

Sinadarai uku da dole a san su kafin a taɓa jini

Na farko shi ne fosfatidilserin, wanda ake taƙaitawa da PS. Tantanin ƙwaya ninki biyu ne, kuma a ƙwaya mai rai PS yana zaune a ninkin ciki, domin akwai furotin irin su ATP11A da ATP11C da suke kashe makamashi suna mayar da shi ciki duk lokacin da ya zame. Idan afoftosis ta kankama, inzayim ɗin da ake kira kasfes suna yanke waɗannan furotin su daina aiki, sannan su kunna wani mai suna Xkr8 wanda yake hautsina maiƙon ninki biyun, sai PS ya bayyana a waje. Rukunin Shigekazu Nagata a Japan ne ya warware wannan a 2013 da 2014, amma tun 1992 Valerie Fadok da abokan aikinta a Amurka suka nuna cewa PS ɗin da ya fito waje shi ne alamar da makrofej take gani ta haɗiye ƙwayar. A kan wannan alama gwajin namu ya dogara.

Sauran biyun, seramaid da S1P, 'yan gida ɗaya ne. Inzayim sifingomiyelines yana yanke sifingomiyelin na tantani ya ba da seramaid, seramides ya mayar da seramaid sifingosin, sannan inzayim biyu, SphK1 da SphK2, su liƙa wa sifingosin fosfet ya zama S1P. A 1993 Lina Obeid da Yusuf Hannun suka nuna cewa seramaid yana jefa U937, wasu ƙwayoyin ciwon daji da ake rainonsu a ɗakin gwaji, cikin afoftosis, a 1996 kuma ɗakin binciken Sarah Spiegel ya nuna cewa S1P yana iya daƙile wannan mutuwa. Daga nan aka ɗauki fahimtar cewa rinjayen ɗayansu a kan ɗayan shi ne yake karkata ƙwaya zuwa mutuwa ko rayuwa. Fahimta ce mai amfani wajen tsara gwaji, sai dai ba a kowace irin ƙwaya take tafiya daidai ba, kuma shi ya sa ake gwadawa. Abin da ya kamata mai gwaji ya riƙe shi ne, matakai biyu kacal ne tsakanin seramaid da S1P, saboda haka ƙwayar da aka ba ɗaya tana iya juya wani ɓangare nasa ya koma ɗayan kafin a zo karanta sakamako.

Samun jini da ware ƙwayoyin

Ba a ɗibar jinin kowa sai da yardarsa a rubuce da kuma amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na cibiyar da ake aiki, kuma kowane jini ana ɗaukarsa tamkar yana ɗauke da cutar hanta ko ƙanjamau, a sa safar hannu, a zubar da allura inda ya dace. A zaɓi mai lafiya wanda ba ya zazzaɓi, a kuma tambaye shi magungunan da ya sha a 'yan kwanakin nan. Tambayar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Deksametason da firednisolon suna tsawaita ran nutrofil, alhali suna kashe limfosait da iyosinofil, wasu nau'o'in fararen ƙwayoyin jini. Asfirin da danginsa suna toshe inzayim ɗin da ke samar da furostagilandin, wanda shi ma saƙon maiƙo ne. Amitiriftilin kuwa yana rage aikin nau'in sifingomiyelines da ke aiki a wuri mai tsami, wato yana taɓa ainihin hanyar da ake son a bincika.

Mililita 10 zuwa 20 na jini sun isa. Kwalbar EDTA ita ce ta fi samuwa a ɗakunan gwaje-gwaje, kuma babu laifi a yi amfani da ita ko ta sitiret ko ta hefarin, da sharaɗin a wanke ƙwayoyin sosai daga baya, domin EDTA da sitiret suna kame kalsiyam, kuma gwajin ƙarshe ba ya yiwuwa sai da kalsiyam. A gauraya jinin da ruwan dekstiran mai kashi 3 cikin 100 daidai wa daida, a bar shi tsaye minti 20 zuwa 30 har jajayen ƙwayoyi su kwanta. A kwashe ruwan sama a ɗora shi a hankali a kan ruwan ware ƙwayoyi na Ficoll mai nauyin 1.077, a juya shi a santirifuj da ƙarfin g 400 na minti 30 ba tare da birki ba. Limfosait da monosait za su taru a tsakiya, nutrofil da ragowar jajayen ƙwayoyi su sauka ƙasa. A fasa jajayen da ruwan gishiri mai kashi 0.2 na daƙiƙa 30, nan take a ƙara daidai wannan adadi na mai kashi 1.6 don a dawo da ma'auni. Wanda ya wuce daƙiƙa 30 yana jira, ya fara lalata ƙwayoyin da yake nema.

Nutrofil ƙwaya ce mai saurin harzuƙa, kuma da zarar ta harzuƙa tsawon ranta ya sauya. Don haka a yi dukan aikin a yanayin zafin ɗaki, kada a sanya ta a ƙanƙara sannan a ɗumama, a yi wanki da ruwan da babu kalsiyam da magniziyam, a yi amfani da bututun folifirofilin domin ba ta cika manne masa ba, kuma a tabbata ruwan aiki ba shi da gubar bakteriya ta LPS, wadda ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya jinkirta mutuwar ƙwayoyin ya ɓoye duk wani tasirin da ake nema. Kafin a ci gaba a shafa kaɗan a kan gilashi a rina, a tabbata aƙalla kashi 95 cikin 100 nutrofil ne. Rinin tirifan bulu zai nuna waɗanda tantaninsu ya fashe, amma ba ya ganin waɗanda suka fara afoftosis, saboda haka ba hujja ba ce cewa ƙwayoyin lafiya lau suke.

Shirya maiƙon, inda yawancin gwaje-gwaje suke lalacewa

Seramaid na asali yana da doguwar jela mai kabon 16 zuwa 24, kuma ba ya narkewa a ruwa, ballantana ya ratsa cikin ƙwaya. Shi ya sa ake amfani da gajerun nau'o'i, C2 da C6, waɗanda ake narkarwa a DMSO ko etanol. A haɗa ruwan ajiya mai ƙarfi yadda abin narkarwar da zai isa ga ƙwayoyin ba zai wuce kashi 0.1 cikin 100 ba, sannan a gwada jerin ƙarfi, misali maikromola 5 da 10 da 25 da 50, maimakon ƙarfi guda. Lamba ɗaya ba ta nuna komai, amma idan mutuwa tana ƙaruwa yayin da ƙarfi yake ƙaruwa, an fara samun abin magana.

Akwai abu biyu da suke sauya ainihin adadin seramaid ɗin da ya isa ga ƙwaya ko da lambar da aka rubuta a littafin aiki ba ta sauya ba. Na ɗaya shi ne siram, wato ruwan jini da aka raba da ƙwayoyinsa, wanda ake sawa cikin ruwan raino. Albumin, furotin da ke cikin siram, yana shanye maiƙo kamar yadda soso yake shanye ruwa, don haka maikromola 20 a ruwa mai siram kashi 10 ba daidai yake da maikromola 20 a ruwa mai kashi 1 ba. Na biyu shi ne yawan ƙwayoyin: tunda maiƙon yana barin ruwa ya shige tantani, ƙwayoyi miliyan ɗaya a mililita za su samu ninki biyar na rabon da miliyan biyar za su samu. A tsayar da adadi ɗaya na siram da adadi ɗaya na ƙwayoyi tun daga gwajin farko, a rubuta su a rahoto. A ganina, rahoton da ya ambaci ƙarfin seramaid bai ambaci waɗannan biyun ba, bai ba mai karatu hanyar maimaita aikin ba.

S1P kuma matsalarsa daban ce. Ana narkar da shi a metanol cikin kwalbar gilashi, a busar da shi da iskar naitirojin, sannan a sake narkar da shi a ruwa mai albumin da aka cire wa maiƙo, miligiram 4 a mililita. Amma siram da kansa yana ɗauke da S1P, domin jini yana da shi da yawa, rataye a jikin albumin da HDL mai dakon maiƙo a jini, kuma makarɓansa guda biyar da ke fuskar ƙwayoyi, S1PR1 zuwa S1PR5, suna amsawa tun a matakin nanomola. Wanda ya zuba S1P a kan ƙwayoyin da suke iyo cikin siram kashi 10, yana ƙari ne a kan abin da ya riga ya wadata, kuma yana iya yanke hukuncin cewa babu tasiri bisa kuskure. Mafita ita ce siram da aka tace da gawayi, ko rage siram ɗin ƙwarai, tare da sanin cewa rage shi ma yana matsa wa ƙwaya. Bambancin yawan S1P tsakanin jini da nama ba ƙaramin abu ba ne a jiki: da shi limfosait take gane hanyar fita daga kaluluwa, kamar yadda rukunin Jason Cyster ya nuna a 2004, kuma shi maganin fingolimod yake dagulawa, wanda Amurka ta amince da shi a 2010.

Bututun kwatance da lokacin dubawa

Kowane gwaji yana buƙatar bututun da ba a sa masa komai ba, da wanda aka sa wa abin narkarwa kawai, DMSO ko albumin, daidai adadin da ke cikin sauran. Bayan su sai mafi muhimmanci, wato bututun dayihaidiroseramaid. Wannan sinadari kamarsa ɗaya da seramaid, illa dai ba shi da tagwayen haɗin da ke tsakanin kabon na 4 da na 5, kuma a aikin Obeid da Hannun bai kashe ƙwayoyin ba. Idan C2 na seramaid ya kashe, takwaransa na dayihaidiro bai kashe ba a ƙarfi ɗaya, to akwai dalilin cewa saƙo ne. Idan duka biyun sun kashe, mai yiwuwa maiƙo ne kawai ya yi yawa ya ɓata tantani. A ƙara bututu mai GM-CSF, wanda aka san yana tsawaita ran nutrofil, domin a tabbata ƙwayoyin wannan ranar suna iya amsa saƙon rayuwa.

A raini ƙwayoyin a ruwan RPMI 1640, a inkubeta mai digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, a tanadi wata hanyar wuta kafin a ɗebi jinin, domin sanyi yana rage saurin afoftosis, kuma awannin da inkubeta ta yi a kashe sun ɓata lissafin lokaci gaba ɗaya. Lokacin dubawa ya danganta da tambayar da ake yi. Nutrofil tana mutuwa da kanta a wajen jiki: a awanni shida na farko kaɗan ne suke mutuwa, zuwa awa 18 ko 20 kuwa yawancinsu sun shiga afoftosis. Saboda haka abin da ake zargin yana kashewa, kamar seramaid, a duba shi da wuri, a awa 4 zuwa 6, lokacin da bututun kwatance yake da rai. Abin da ake zargin yana rayarwa, kamar S1P, a duba shi a makare, lokacin da akwai mutuwar da za a iya ragewa. Wanda ya duba duka biyun a lokaci guda zai rasa ɗaya daga ciki.

Rini da karantawa

Aneksin V furotin ne da yake manne wa PS idan akwai kalsiyam, kuma masu bincike a Holan ne suka mayar da shi ma'aunin afoftosis a 1994 da 1995. Ana sayensa liƙe da rini mai ƙyalli kamar FITC mai ba da koren haske, ana haɗa shi da rinin PI, wanda ba ya shiga ƙwaya sai tantaninta ya fashe, in ya shiga kuma ya kama DNA ya ba da jan haske. A ɗauki ƙwayoyi kimanin 100,000, a wanke su a hankali, a sa su a maikrolita 100 na ruwa mai HEPES milimola 10, gishiri milimola 140 da kalsiyam kulorayid milimola 2.5, a ma'aunin tsami 7.4. A zuba Aneksin da PI gwargwadon umarnin kamfanin, a ajiye minti 15 a duhu, a ƙara maikrolita 400 na ruwan, a karanta a na'urar ƙirga ƙwayoyi mai hasken leza kafin awa ɗaya ta cika. Kada a daskarar da ƙwayoyin da fomalin ko barasa kafin rini, domin hakan yana huda tantani, Aneksin ya shiga ya sami PS na ciki, kowace ƙwaya ta fito kamar matacciya. Don saita na'urar ana buƙatar bututu marar rini, da mai Aneksin kaɗai a kan ƙwayoyin da suka kwana, da mai PI kaɗai a kan waɗanda aka kashe da zafi, saboda koren haske yana kwarara cikin ma'aunin ja. Bututun da aka sa wa EDTA yana nuna mannewar da ba ta gaskiya ba, tunda a cikinsa Aneksin bai kamata ya kama ba.

Ƙwayar da ba ta ɗauki ko ɗaya ba tana da rai. Wadda ta ɗauki Aneksin kaɗai tana farkon afoftosis. Wadda ta ɗauki biyun tantaninta ya fashe, kuma daga hoto ɗaya ba a iya sanin ko ta bi ta afoftosis ne ta ƙarasa, ko kai tsaye ta fashe. Jerin lokuta ne yake raba gardama: idan aka ga ƙwayoyi sun fara taruwa a rukunin Aneksin kaɗai kafin su koma na biyun, tsari aka bi, idan kuwa cikin awa ɗaya sun tsallaka zuwa rukunin biyun, ƙarfin maiƙon ya yi yawa.

PS a waje ba kullum yake nufin mutuwa ba. Ƙwayoyin daskarar da jini suna fitar da shi idan sun tashi aiki, ta hanyar wani furotin mai suna TMEM16F da kalsiyam yake kunnawa, ba tare da kasfes ba, kuma suna iya manne wa nutrofil mai rai su sa ta yi haske. Jajayen ƙwayoyin mai ciwon sikila ma suna fitar da PS fiye da na sauran mutane. Duk mai aiki da jinin masu sikila, waɗanda suke da yawa a arewacin Najeriya, sai ya ƙara rinin da ke ware nutrofil, kamar na CD66b, ya ƙirga waɗanda suka ɗauke shi kaɗai.

Inda babu na'urar leza, madubin gwaji da rinin Giemsa, wanda ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi, sun isa a yi aiki mai kyau. Cibiyar nutrofil mai rai tana da sassa biyu zuwa biyar haɗe da siraran zare, ta mai afoftosis kuwa takan dunƙule ta zama ƙwallo ɗaya ko biyu, masu santsi da duhu. A ƙirga aƙalla ƙwayoyi 200 a kowane gilashi, kuma wani ya rufe sunayen gilasan ya sa musu lamba kafin a ƙirga, domin ido yana karkata ga abin da mai shi yake fata. Ko mai na'ura bai kamata ya bar wannan dubawa ba.

Daga "ya mutu" zuwa "ga abin da ya kashe shi"

Ganin mutuwa bayan an zuba seramaid mataki ne na farko kawai. A maimaita gwajin tare da zVAD, mai toshe kasfes: idan mutuwar ta ragu, afoftosis ce. Idan ba ta ragu ba, a tuna cewa akwai wasu hanyoyin, ciki har da feroftosis da aka bayyana a 2012, inda maiƙon tantani da kansa yake lalacewa da iskar oksijin idan inzayim GPX4 ya gaza, kuma ferostatin-1 ne yake hana ta. Sannan a tambayi ko gajeren seramaid ɗin ne ya yi aikin da kansa, domin ƙwaya tana iya cire masa gajeriyar jelar ta sa masa doguwa ta hanyar inzayim mai haɗa seramaid. Fumonisin B1 yana toshe wannan inzayim, kuma shi ne gubar da naman gwari na Fusarium yake bari a masarar da ta lalace, don haka a riƙe shi da taka-tsantsan. Idan ya rage mutuwar, dogon seramaid da ƙwayar ta ƙera ne yake da alhaki. A ɓangaren S1P, gubar tarin shiƙa tana kashe furotin Gi da makarɓi irin S1PR1 yake dogara da shi, don haka idan ta kawar da tasirin, saƙon ta fuskar ƙwaya ya shiga. PF-543 kuma yana toshe SphK1, ya nuna ko S1P da ƙwayar take yi da kanta yana da hannu. Kowane mai toshewa yana buƙatar bututunsa shi kaɗai, tunda wasunsu suna da guba a karan kansu.

Wanda ya koma ga ƙwayoyin Jurkat, wato limfosait na ciwon daji da ake rainonsu a ɗakin gwaji, don guje wa wahalar ɗibar jini ya sani cewa ba su da furotin PTEN, saboda haka maiƙon PIP3 yana taruwa a cikinsu kuma saƙon rayuwa na Akt a kunne yake koyaushe. Abin da aka gani a cikinsu ba a ɗora shi a kan limfosait na mutum mai lafiya sai an sake gwadawa.

Bututu uku daga jinin mutum ɗaya gwaji ɗaya ne, ba uku ba, domin saurin mutuwar nutrofil ya bambanta daga mutum zuwa mutum. A maimaita da jinin aƙalla mutum uku a ranaku daban, a kwatanta kowane bututu da na kwatancen mai jinin. Idan kuma ana son a ce seramaid na cikin ƙwaya ya ƙaru kafin mutuwa, to sai an auna shi. A wanke ƙwayoyin, a daskarar da su a digiri 80 ƙasa da sifili, a ciro maiƙon da kulorofom da metanol bisa hanyar Folch ta 1957 ko ta Bligh da Dyer ta 1959, a cikin gilashi domin kulorofom yana cin roba, sannan a zuba sanannen adadi na seramaid mai kabon 17 tun kafin a fara cirowa, don a san abin da ya salwanta a hanya. Awon da kansa na'urar tantance nauyin sinadarai ce take yinsa, kuma samfurin da za a aika mata ya haɗa da na awa ta farko da ta biyu, lokacin da Aneksin bai fara kamawa ba tukuna.